Gidan Mama ya shiga kasuwa

Gidan da nake aiki a cikinsa an sa shi a kasuwa. Dillalai sun kafa allonsu a bakin ƙofar lambu, hotuna kuma suna yawo a intanet. Da na tura wa Yayana a Zariya sai ga kiransa, wai ko gadin gidan tarihi na koma. Na faɗa masa kuɗin, ya ɗan haura fam miliyan ɗaya, wato wajen naira biliyan biyu. Ya yi salati ya ce, "Wannan tsohon gidan? Ko fenti fa babu!" Na ce, "Yaya, rashin fentin nan ma yana cikin abin da ake saye."

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai kula da tsofaffi ce a Ingila, irin waɗanda ke zama gida ɗaya da wanda suke kula da shi. Wadda nake wa aiki ta doshi shekara casa'in. A nan kowa sunanta yake kira gatsal, har yaran maƙwabta. Ni dai bakina ya ƙi, Mama nake ce mata, ta kuwa saba har tana amsawa da murmushi. Ƙauyen yana cikin tuddan Cotswolds a gundumar Gloucestershire, ba nisa da garin Northleach. Ba zan faɗi sunansa ba, don gidajen ba su da yawa, duk wanda ya so zai gane nata.

Tallar da dillalai suka rubuta ta ce: tsohon gidan ƙauye na ƙarni na 17, an gyara shi tsaf, da ƙaramin gida a gefe, da lambu mai katanga. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da nake ja da shi kawai shi ne yadda mai karatu zai ɗauka cewa aiki ya ƙare, sai dai ka karɓi makulli ka shimfiɗa tabarma. Na zauna a gidan nan na ga damina da sanyinsa, kuma ban taɓa ganin watan da ya fita ba a taɓa wani abu a jikinsa ba.

Da dutse aka gina shi, dutsen yankin mai launin zuma, wanda idan rana ta faɗa masa da yamma sai ya yi kamar an kunna masa wuta daga ciki. Kaurin bangon ya haura rabin mita, shi ya sa kowace taga take da wurin zama a gindinta. Ƙofofin gajeru ne. Ni ba ruwana, Allah bai ba ni tsawo ba, amma ɗan Mama, wanda a gidan ya girma, har yau idan ya zo sai katakon ƙofar kicin ya gaisa da goshinsa. Daɓen kicin manyan fale-falen dutse ne, kuma na bakin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda takun mutane, idan na yi mofin ruwa a nan yake taruwa. Murhun falo kuwa mutum biyu za su zauna a cikinsa ba tare da sun matsu ba. Bene ba shi da wani ɗaki mai daidaitaccen daɓe. A ɗakin baƙi an sa wa ƙafafun gado biyu guntun katako don kada mai barci ya gangara.

Arzikin da ya gina waɗannan ƙauyuka na ulu ne. Tun zamanin da, tumakin Cotswolds sun yi suna har ƙasashen Turai, 'yan kasuwa daga Italiya da Flanders suna zuwa sayen ulunsu. Idan ka shiga cocin Northleach za ka ga hotunan attajiran ulu da aka zana a kan tagulla a ƙasa, wasunsu ƙafa ɗaya kan tunkiya, ɗaya kan buhun ulu. Da masana'antu suka koma arewacin Ingila sai yankin ya talauce, kuma talaucin nan ne ya ceci gidajen, don babu mai kuɗin rushewa ya yi sabo.

Mama da marigayi mijinta sun sayi gidan a shekarun 1980. Tana da kundin hotuna na yadda suka same shi, kuma duk baƙon da ya zauna ya wuce minti goma sai ta sa na ɗauko. Waɗanda suka riga su, a shekarun 1960, sun yi masa abin da a lokacin ake kira zamanantarwa. Sun cike tsakanin duwatsu da siminti, sun zuba kankare a kan daɓen dutse, sun toshe babban murhun da falanki suka sa ƙaramar hita, suka shafe bangon ciki da fenti mai roba. A hotunan za ka ga funfuna ta yi baƙi ƙirin a kusurwoyi, takardar bango tana saɓulewa. Don haka yawancin gyaran da tallar take yabo cire-cire ne. Shekaru suka yi suna ɓamɓare abin da aka liƙa wa gidan, ɗaki bayan ɗaki, suna kwana a wanda aka gama.

Ban fahimci dalilin sosai ba sai da wani magini ya zo gyaran bangon da ke fuskantar yamma, inda ruwa ya fi duka. Dattijo ne mai ƙarancin magana, amma idan ka kai masa shayi da madara bakinsa yana buɗewa. Ya nuna min wani wuri da ragowar simintin da can yake. Simintin yana nan daram, ya fito waje kamar jijiya, amma dutsen da ke kewaye da shi ya zaizaye ya shige ciki, da ya sa yatsa sai ya zubo kamar gari. Ya ce dutsen nan mai shan ruwa ne, dole kuma ruwan ya sami hanyar fita. Masu ginin farko da farar ƙasa suka yi kwaɓinsu, wadda ake samu idan an ƙona irin wannan dutsen an jiƙa shi. Ita ta fi dutsen laushi, ruwa ta cikinta yake fita, ita ce take cinyewa a hankali, bayan shekaru a kankare ta a sake sabuwa, dutse yana nan lafiya. Siminti kuwa ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin ruwa ya wuce. Sai ruwan ya maƙale a cikin dutsen, sanyi ya zo ya daskare, ƙanƙara ta kumbura ta fasa fuskarsa.

Na tsaya ina kallon yadda yake aiki. Da ƙaramin ƙarfe yake ƙwaƙule tsohon kwaɓi, ba ya yarda da injin yanka ko kaɗan. Ya wanke ramin, ya jiƙa shi, ya cusa sabon kwaɓi da wani siririn cokali, ya bar shi ya ɗan sha iska, sannan ya dawo ya bubbuga da burushi mai tauri har ƙwayoyin yashi suka fito. Daga nan ya rufe wurin da jiƙaƙƙen buhun algarara don kada ya bushe da gaggawa. Kwaɓin da kansa sai ya yi aƙalla wata uku a cikin bokiti kafin a taɓa shi, wanda ake yaɓen ciki da shi kuma har gashin dabba ake zuba masa don ya kama. Ba a yin aikin a lokacin sanyi. Wurin da bai fi faɗin tabarma ba ya cinye masa yini guda.

Na ce masa ai mu ma mun san wannan ciwon. A cikin birnin Zariya na ga gidajen ƙasa da aka yi wa filasta da siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara. Shekara biyu uku abin gwanin sha'awa, sai wata damina filastar ta ɓallo falle guda, a tarar ƙasar da ke baya ta jiƙe ta ruɓe. Kakanninmu da makuba suke yi, ko laso, abin da ke tafiya tare da jikin ginin. Ya ajiye cokalinsa ya yi ta tambayata yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa, na faɗa masa iya abin da na gani ina yarinya. Ya ce shi ɗansa ya ƙi sana'ar, kuma masu yinta a yankin duk furfura ta kama su, shi ya sa sai ka yi watanni kana jiran layi.

Wannan ra'ayi na lallaɓa tsohon gini maimakon sabunta shi yana da tarihi a nan. A 1877 William Morris, wani mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, wanda gidansa na Kelmscott yake can gefen kogin Thames ba nisa da mu, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da ake kira SPAB. Abin da ya fusata shi shi ne yadda masu zanen gini na zamaninsa suke kankare tsofaffin coci-coci su mayar da su yadda suke tsammanin sun kasance da farko. Shi abin da ya nema a yi shi ne kula ta yau da kullum: a toshe yoyo, a tallafi bangon da ya karkata, a bar tsufan ya nuna. Ƙungiyar tana nan har yau, kuma mijin Mama ya halarci kwas ɗinsu kafin ya taɓa ko dutse ɗaya.

Rufin shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne zai fi cin kuɗin duk wanda ya saya. Shi ma dutse ne, fale-fale, an jera su manya a ƙasa wajen baki, suna ƙanƙancewa layi bayan layi har zuwa ƙololuwa inda wasu ba su fi tafin hannu ba. Kowanne an huda shi an rataye shi da turken katako. Nauyinsa ba a magana, shi ya sa katakan da ke ɗauke da shi suka ɗan lanƙwasa, rufin ya yi tudu da kwari. A garin Stonesfield da ke Oxfordshire, da can a ƙarƙashin ƙasa ake haƙo dutsen da kaka, a shimfiɗa shi a fili ana jiƙa shi, a jira sanyi mai tsanani ya tsaga shi siriri-siriri. An daina wannan haƙar tun farkon ƙarni na 20. Yanzu idan guda ya faɗo, sau da yawa sai an nemo tsoho daga wani rumbun da aka rushe. Iska mai ƙarfi idan ta kwana tana kaɗawa, aikina na farko da safe, bayan na ba Mama magani, shi ne in zagaya gidan ina duba ƙasa.

Sannan akwai jemagu a cikin rufin. Kada ku yi dariya. Doka ta kare su tun 1981, kuma ba ka da ikon korar su ko toshe ramin da suke shiga. Kafin a yi babban aiki a rufi sai masani ya zo da na'urarsa da magariba, a watannin zafi, ya ƙirga su, sannan a nemi lasisi.

Maganar doka ke nan. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, a aji na biyu, ajin da ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin ɗari na gine-ginen da ke rajistar a Ingila. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700 wanda bai sauya kama sosai ba yana ciki. Mutane da yawa suna zaton fuskar waje kaɗai dokar ta shafa, alhali har ciki ne: matakala, murhu, ƙofofi, tagogi. Kai har ƙaramin gidan da katangar lambun sun shiga, tunda suna cikin harabar tun kafin Yulin 1948. Idan kana son ka sauya taga ko ka fasa bango sai ka nemi izini daga ƙaramar hukuma, jami'i ya zo ya duba. Yin aiki ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Wanda ya fi ɗaure wa masu saye kai shi ne, idan mai gidan da ya gabata ya yi abin da bai dace ba, hukuma tana iya tilasta wa sabon mai gida ya mayar da shi yadda yake, ko shekara nawa aka yi. Shi ya sa lauyoyi suka sa ni da ɗan Mama muka kwana biyu muna tone akwatunan takardu muna neman izinin kowane aiki. Allah ya taimaka marigayin mutum ne mai adana ko rasit ɗin ƙusa.

A ganina dokar tana da kyau, ba don ita ba da tuni tagogin roba sun cika ƙauyen. Amma na ga inda take cizo. Tagogin gilashi ɗaya ne, sanyi yana ratsowa, ga shi bututun gas bai iso ƙauyen ba. Da kananzir ake ɗumama gidan, tanki guda a bayan shinge, mota tana zuwa ta cika shi, kuma a watan Janairu kana iya ganin ma'aunin yana sauka da idonka. Bayan gida ma ba a haɗe yake da na gari ba, sokawe ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a shafin farko na tallar.

Ƙaramin gidan nan ne masauƙina. Da can wurin wanki da gasa burodi ne, har yanzu bakin tandun yana nan a bango, a ciki nake ajiye garin tuwo da daddawa don wurin a bushe yake. Ɗaki ɗaya ne a sama, falo da kicin a ƙasa. Dillalin ya rubuta cewa ya dace da saukar baƙi ko ba da haya ga masu yawon buɗe ido. Ranar ɗaukar hoto sai da na kwashe komai nawa, darduma da buta da tukwane, na zuba a but ɗin motar ɗan Mama. Mai hoton ta zo da furanninta da burodinta da wasu littattafai masu kyawun bango ta jera. A babban gidan ma haka aka yi: ƙarfen da Mama ke dogarawa, kujerar wanka, akwatin magunguna, gadon asibitin da aka sauko mata da shi ɗakin cin abinci tunda matakala ta gagare ta, duk aka tura ɗaki guda aka rufe. Ban ji haushi ba, sana'arsu ce. Sai dai duk wanda ya kalli hotunan zai rantse babu wanda ya taɓa tsufa a gidan.

Lambun kuwa ko ba a yi masa kwalliya ba ya isa. Katangar dutse ce ta kewaye shi, irin wadda ake jerawa ba kwaɓi ko kaɗan, nauyin duwatsun ne kawai ke riƙe juna. A jikin bangon da ke kallon kudu an horar da bishiyoyin tuffa suka miƙe rassansu a kwance kamar an zana su da rula, don dutsen yana riƙe zafin rana ya mayar musu da dare. Akwai wata tsohuwar bishiyar tuffa mai tsami a tsakiya, irin ta dafawa, wadda a watan Oktoba take zubar da 'ya'ya fiye da yadda za mu iya ci, sai mu cika kwali mu ajiye a bakin hanya kowa ya ɗiba. Mama ta ba ni kusurwa a ɗakin gilashi. Alayyafo ya yi kyau, tumatir ma haka, attarugu ya yi 'ya'ya amma yajinsa bai kai na gida ba, yakuwa kuwa ta tsiro ta tsaya cak har sanyi ya kashe ta. Babban abokin gaba dodon koɗi ne, da dare ake fita da tocila ana tsince su. Ko a lambun ma ba ka da cikakken iko: ƙauyen yanki ne da aka keɓe don kiyayewa, kafin ka sare bishiya mai ɗan kauri sai ka ba hukuma sanarwar mako shida.

Mai lambu yana zuwa sau ɗaya a mako. Sauran kwanakin Mama ce take ba da umarni daga kujerarta a bakin taga, ni kuma ina aiwatarwa. "Ba wannan reshen ba, na ƙasansa." Idonta bai ga rubutun jarida sosai, amma daga nisan mita ashirin tana gane furen da ya kamata a cire.

Dalilin sayarwar ba ɓoyayye ba ne a ƙauyen. Jikinta ya kai inda mutum ɗaya ba zai iya ba, dare da rana sai an juya ta, likita da 'ya'yanta sun yanke shawarar ta koma gidan kula da tsofaffi. A Ingila idan dukiyarka ta haura fam 23,250 kai za ka biya wa kanka kuɗin kula, kuma wannan adadin bai motsa ba tun 2010. Muddin kana zaune a gidanka ba a lissafa shi, amma idan ka koma gidan kula na dindindin, in ba ka bar miji ko mata ko wani ɗan'uwa tsoho ko naƙasasshe a ciki ba, bayan mako goma sha biyu gidan ya shiga lissafi. Don haka bangon da ta yi shekaru tana ɓamɓare wa siminti shi zai biya kuɗin gadonta. Da na bayyana wa Yaya wannan sai ya yi shiru, can ya ce, "To 'ya'yan fa?" Ɗaya yana Landan, ɗaya tana Kanada, kowa da aikinsa da bashin gidansa. Ba marasa tausayi ba ne, na ga ɗan yana kuka a cikin mota. Tsarin rayuwarsu ne bai bar wa tsoho wuri ba, kuma ni ma da tsarin ya bar masa da ban sami aiki ba.

Masu zuwa kallo yawancinsu daga Landan suke, tunda jirgin ƙasa daga Kemble ko Kingham bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Ina gane su daga takalmansu masu tsabta. Tambayarsu ta farko ƙarfin intanet, ta biyu ko za a iya fasa bangon kicin a haɗa shi da falo. Wata ta tambayi dillali ko za a iya daidaita daɓen bene. Da yawa gidan hutu suke nema, su zo Juma'a su koma Lahadi. A layinmu da dare a tsakiyar mako tagogin da ke da haske ba su kai rabi ba, shagon ƙauyen ya daɗe da rufewa, matasan da aka haifa a nan kuma sun koma Gloucester ko Swindon inda za su iya biyan haya. Gwamnati ta ƙara harajin sayen gida na biyu zuwa ƙarin kashi 5 cikin ɗari a Oktoban 2024, daga Afrilun 2025 kuma ƙananan hukumomi suna da ikon ninka harajin shekara a kan irin waɗannan gidaje. Wanda zai iya fitar da miliyan don hutun ƙarshen mako, ban ga alamar wannan ya tsorata shi ba.

Damuwata a nan ba ta ƙauyen kaɗai ba ce, har da ginin. Gida irin wannan idan aka rufe shi kwana biyar a mako ba wuta ba iska, danshi yana dawowa. Indararo ɗaya ya toshe da ganye a watan Nuwamba, ba mai gani, kafin bazara ruwa ya shiga bango.

Zuwa yanzu tayi biyu aka samu. Na farko ya fi tsoka, daga wasu ma'aurata masu son gidan hutu, kuɗi a hannu. Na biyu ya gaza da kaɗan, daga wata likitar dabbobi da mijinta da yara biyu, suna son mahaifiyar mijin ta zauna a ƙaramin gidan, amma sai sun sayar da nasu tukuna. Matar ce kaɗai cikin duk waɗanda suka zo ta durƙusa ta leƙa cikin bututun hayaƙi, ta kuma nemi lambar maginin. Mama ta faɗi wanda take so, ni ma da aka tambaye ni na faɗa, amma ɗanta ne ke riƙe da lissafin kuɗin gidan kula, kuma bai ce komai ba tukuna. A nan ko an amince da tayi ba a ɗaure kowa ba sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, abin da kan ɗauki watanni, kafin nan kowa yana iya janyewa. Injiniyan masu tayin farko zai zo ranar Talata ya hau rufi, an ce in buɗe masa ƙofar silin in kuma nuna masa inda jemagun suke.